Wayoyi Talatin da Uku a Rigar Filo

Zakariyya Haladu ya rasa idonsa na hagu da yatsu uku na hannun dama ranar Alhamis da la'asar, a wani lungu na Gyadi-Gyadi. An karya masa muƙamuƙi da haƙarƙari huɗu. An rataya masa taya a wuya, an tuttula masa fetur, amma ba a kai ga cinna wuta ba. Daga dukan farko zuwa isowar 'yan sanda bai cika rabin awa ba.

Shekararsa arba'in da huɗu. Mutumin Sumaila ne, yana haya a Ƙauyen Alu da matarsa Maimuna da 'ya'ya biyar, kuma shekara shida ke nan yana ɗaukar wa baƙi kaya a wani otal mai ɗaki sittin a Tarauni. Abin da ya ja masa shi ne wata farar rigar filo da ke rataye a kafaɗarsa, cike da wayoyin hannu. Abimbola Oyelaran, mai kula da baƙi a otal ɗin, ita ta rataya masa ita. Ita ma ta fito daga lungun da karyayyen hannu.

A wannan makon likitocin dabbobi ne suka cika otal ɗin. Sun zo taronsu na shekara daga jihohi daban-daban, na kwana huɗu. A kan kowane gado an ajiye wata 'yar takarda mai sheƙi da Abimbola ta tsara da kanta: wuta ba ta ɗaukewa, ruwan zafi a kowane banɗaki, intanet kyauta, wurin iyo a bayan ginin, karin kumallo har da waina da miyar taushe ga mai so. A ƙasa an sa yawon ganin gari ranar Alhamis a motar otal, Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi. Layin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, ya ce otal zai riƙe wa baƙi wayoyinsu har a dawo.

Wannan layin tunanin Abimbola ne. Bara, a irin wannan yawo, wata malamar jami'a daga Ilori ta ɗaga wayarta za ta ɗauki hoton ganuwa, mota na tsaye a cunkoso. Hannu ya shigo ta taga, ta ƙi saki, aka tsaga mata wuyan hannu da wuƙa. Abimbola ce ta matse mata hannun har asibiti. Daga ranar ta kafa doka. Kafin mota ta fita daga get kowa zai miƙa wayarsa, a liƙa mata salatif a rubuta lambar ɗaki, a zuba a jakar otal mai tambari, a ba mutum ɗaya ya riƙe. Hoto kuwa ita za ta ɗauka da kyamarar otal, ta tura wa kowa in an dawo. Baƙi suna gunaguni, amma sau bakwai ana fita a haka ba a rasa ko waya ɗaya ba. Ba kuma baƙuwa ba ce a garin da za a koya mata hali. A Unguwar Gano aka haife ta, inda mahaifinta Baba Rotimi ya shekara talatin yana gyaran rediyo, kuma in tana magana ta waya ba wanda zai ce ba Bakanuwa ba ce.

Ranar Alhamis ɗin an makara. Shugaban taro ya ja jawabinsa har sha ɗaya ta gota, mutum ashirin da tara suka shiga kwasta, motar otal ɗin, suna duba agogo. Jakunkuna masu tambari duk an raba su ga mahalarta, babu ko ɗaya a sito. Abimbola ta sa aka ciro mata rigar filo daga ɗakin guga. Ta ga in ta tsaya liƙa salatif sai sha biyu ta yi musu a tsakar gida, don haka ta miƙa rigar ta zagaya kujeru kamar jakar baiko a cocinsu, kowa yana jefawa, ita tana bin sunaye a takarda tana yin alama. Ta ƙulle bakin da igiya, ta rataya wa Zakariyya.

"Malam Zakari, ko sallah za ka yi, da ita a kafaɗa. Ka ajiye ta, ka ajiye aikinka."

"To Madam. Ai Maimuna ma ba ta taɓa samun wannan gatan ba."

Yawon ya yi daɗi. A Dala rabin likitocin suka tsaya a tsakiyar matakala suna haki, waɗanda suka rage a ƙasa kuma suka kewaye wani rago mai kumburin wuya suna gardama a kan ciwonsa, har mai ragon ya zaci saye za su yi. Zakariyya ya hau har sama da kayansa a kafaɗa, ya sauko jiƙe da gumi, ya tuɓe falmaran ɗin otal mai ɗauke da katin shaidarsa ya jefa a kujerar baya. A marina suka sayi yadudduka, a Kurmi takalman fata. Ƙarfe uku da rabi suka kamo hanyar gida.

A titin Kotu, cikin Gyadi-Gyadi, kwastar ta fara huci. Ɗanladi direba ya gangara gefe, ya buɗe inji, ya ce lagireto ya ƙafe. Ba kati a wayarsa, don haka ya karɓi 'yar ƙaramar wayar Zakariyya ya kira makanike. Zakariyya ya ɗauki jarka ya ce zai leƙa lungu ya nemo ɗan ga-ruwa. Abimbola tana tsaye a ƙofar mota tana ba baƙi haƙuri. Ta ga fitarsa, ta ga rigar filon tana lilo a bayansa, ba ta hana shi ba, tunda abin da ta ce ya yi shi yake yi.

Abin da ya faru a mintuna biyar na farko, daga bakin waɗanda ke wurin aka ji shi. A lungun akwai rumfar makoki. Ranar Talata da sassafe an soke wani mai walda, Sadiq, ɗan shekara ashirin da shida, a wuya, a hanyarsa ta zuwa shago, aka tafi da wayarsa. An yi addu'ar uku da safiyar Alhamis, amma mutane ba su watse ba. Maza fiye da sittin suna zaune a tabarmi, abokan aikinsa da 'yan adaidaita da dattawan unguwa, kuma kwana uku ke nan ba a maganar komai sai ƙwacen waya.

Zakariyya ya yi sallama, ya durƙusa ya yi musu gaisuwa, ya tambayi inda ake samun ruwa. Ana cikin kwatanta masa ƙarfe huɗu saura kwata ta cika, rigar filon ta fara kiran sallah. Waya ɗaya ta fara, wata ta bi ta da wata murya, sannan wajen goma suka ɗauka gaba ɗaya, kowace da ladaninta.

Aka tambaye shi mene ne a ciki. Ya ce wayoyin baƙi ne. Aka ce baƙin wa? Ya ce na otal, suna can a mota. Wani ya ce ya sauke a gani, ya ce an hana shi saukewa. Sau uku ana cewa ya ajiye, sau uku yana cewa su yi haƙuri, amana ce, su biyo shi bakin titi. Wani ya finciko ta ta baya, Zakariyya ya riƙe da hannu biyu, ɗinkin ya ɓarke, wayoyi suka zube a kan tabarmar makoki.

Duk da haka an yi masa gwajin da ake yi a irin wannan lokaci. Aka ce ya nuna tasa a ciki. Babu. Aka miƙa masa ɗaya aka ce ya buɗe, ya ce bai san lambar ba. Aka miƙa masa ta biyu. Ba a miƙa ta uku ba.

Abimbola ta ji hayaniyar daga titi. Duk wanda ya girma a Kano ya san bambancinta da ta biki ko ta ƙwallo. Ta ga masu faci da masu kanti suna barin sana'arsu suna gudu zuwa cikin lungun, wani yana tsayawa ya tsinci guntun bulo. Ta ce wa Ɗanladi ya rufe ƙofa kada ya bar kowa ya fito. Ta zare takardar sunaye daga jaka, ta ja wani yadin marina da ke kan kujera ta yafa a kai. A ƙirjinta akwai kati mai sunanta ɓaro-ɓaro. Ta san abin da suna irin nata zai iya zama a tsakiyar taron da ya riga ya ga jini. Ta kai hannu za ta cire, sai ta tuna sunan otal ɗin ma a kansa yake, kuma ba ta da wata shaidar. Ta bar shi.

Ba ta iya ganinsa da farko ba. Bayan mutane kawai take gani, da gorori suna tashi suna sauka, da sautin da suke yi, kamar ana bugun shinkafa. Ta kutsa ta gefen bango, ta durƙusa, ta bi ta tsakanin ƙafafu. Zakariyya yana kwance a gefen kwata, ya naɗe jiki. An yage rigarsa. Bakinsa ya karkace ya ƙi rufuwa. Wani ya riga ya sauke masa katako mai ƙusa a fuska, inda idon hagu yake babu komai sai jini mai kauri yana bin kunne. Hannunsa ɗaya har yanzu yana damƙe da yagaggen bakin rigar filon. Tana kallo wani mai jan wando ya ɗaga bulo da hannu biyu ya sake shi a kan haƙarƙarinsa, wasu biyu kuma suka ɗago kansa suka zura taya. Warin fetur ya tashi. Wani yana tambaya wa ke da ashana.

Ta faɗa a kansa. Gorar da ta riga ta taso ta sauka a hannunta na hagu, ta ji ƙashin ya ba da ƙara kafin ta ji zafin. Ta biyu ta same ta a kafaɗa. Ta ɗaga takardar da hannun dama, ta yi magana da iya ƙarfinta.

"Ni na ba shi. Ni na tara su, ni na rataya masa. In duka ne ni za ku daka."

Suka ɗan ja baya, ba don tausayi ba, don mamaki. Wani ya ce ga ogarsu nan ta zo da kanta. Wani ya leƙo katin ya karanta sunan da ƙarfi, yana jan sa. Mai jan wandon ya ce dama da mata suke aiki yanzu, su ne masu ajiya, a haɗa su a taya ɗaya. Fetur ɗin da ke jikin Zakariyya ya jiƙa mata siket. Ta ci gaba da faɗin sunan otal, da inda motar take, da yawan mutanen da ke ciki, tana maimaitawa kamar mai karanta sanarwa, don ta lura duk lokacin da ta yi shiru da'irar tana matsowa.

Wani dattijo, Malam Nura, shi ne ya tattara wayoyin tun farko ya zuba a cinyar babbar rigarsa ya zauna yana gadinsu, wai shaida ce kada ta salwanta. Ya miƙo wuya ya dube ta da kyau.

"Ke ba 'yar Rotimi mai rediyo ba ce?"

"Ni ce, Baba."

"Ubanki ya riƙe min rediyo wata huɗu."

"Ya rasu, Baba. Masu wayoyin nan suna bakin titi. A bari su zo, kowa ya buɗe tasa a gabanku. In ɗaya ta ƙi buɗuwa ku yi abin da kuka ga dama."

Daga baya ta ce wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta fi damun ta. A lokacin ba ta ga wata hanyar da za ta sayi minti goma ba.

Malam Nura ya ɗaga hannu ya ce a ji ta. Ba kowa ya yarda ba, amma mai ashanar ya mayar da ita aljihu. Abimbola ta san in ta tashi daga kan Zakariyya ba za ta dawo ta same shi ba. Ta waiga tana neman wanda za ta aika, sai ta ga Dakta Jideofor, wani gajeren likita daga Inugu wanda ya yi bautar ƙasa a Katsina, tsaye a bayan mutane da katin taro a wuya. Ashe ture Ɗanladi ya yi daga ƙofar mota ya biyo ta. Ta gaya masa da Turanci abin da take so, ya juya da gudu.

Mutum tara ne suka fara zuwa, a jere, suna riƙe da juna. Malam Nura ya baje rigarsa. Wata likita daga Bauchi ta tsinci tata, ta ɗora ɗan yatsa, fuskar wayar ta buɗe, ta ɗaga ta sama aka ga hoton 'ya'yanta. Wani ya ce ɗaya. Na biyu ya buɗe tasa, bayan ya kuskure ya sake danna lambar. Aka ce biyu. Taron ya kama ƙirga da baki ɗaya kamar masu kallon wasa. Da waɗanda suka rage a mota suka ga na farko sun dawo da rai, suka fito su ma. A goma sha biyar mai jan wandon ya ajiye bulonsa. A ashirin wasu suka fara sulalewa ta bayan rumfa. Abimbola ta ji Zakariyya yana numfashi a ƙarƙashinta, da wani sauti kamar ana zuƙar koko mai zafi. Ta gaya masa a kunne ya yi haƙuri, an kusa.

A lokacin ne Bashir ya fito. Shi ne yayan Sadiq, ɗan adaidaita, kuma duk abin nan yana cikin gida wajen mahaifiyarsu, bai taɓa kowa ba. Aka buɗe masa hanya. Ya tsaya a kan Malam Nura yana kallon abin da ya rage a rigar. Ya sunkuya ya ɗauki wata shuɗiyar waya, ya juya bayanta. A kusa da kyamara akwai wani ɗan baƙin rami, inda roba ta narke. Ya shafa shi da babban yatsa. Ya ce tartsatsin walda ne, yana shagon ranar da ya faɗo mata, har Sadiq ya yi ta zagin kansa.

Bai ɗaga murya ba. Ya nuna wa baƙin ita.

"Wannan ta wa ce?"

Dakta Jideofor ya maimaita da Turanci. Abimbola ta maimaita da Yarabanci. Aka gama buɗe sauran, kowa ya riƙe tasa, wasu biyu-biyu, rigar Malam Nura ta zama wayam, shuɗiyar tana hannun Bashir. Mutum ashirin da tara suna tsaye suna kallon ƙasa. Abimbola ta duba takardarta. Sunaye ne kawai da alama a gaban kowane. Ba ta rubuta wanda ya jefa biyu ba, ba ta kuma ga me kowa ya jefa ba.

Bashir ya sa wayar a aljihu. Ya juya kamar zai koma gida, ya zare adda daga hannun wani da ke kusa da shi, ya dawo. Ya kama Abimbola ta karyayyen hannun ya fizge ta gefe, ta ga duhu na ɗan lokaci. Da ganinta ya dawo, Zakariyya ya saki yagaggen ƙyallen ya ɗaga hannun dama ya kare kansa. Sara na farko ya tafi da yatsu uku, suka faɗi a kan tayar. Na biyu ya sami tayar, addar ta maƙale a roba. Bashir yana ƙoƙarin zare ta mutane suka sake rufowa, baƙin suka watse suna faɗuwa a kwata, wani ya fasa wa likitar Bauchi goshi da dutse. Ashanar ta sake fitowa. Tsinke biyu suka karye a hannun mai ita.

Sai aka ji harbi sama, sau uku, daga bakin titi. Ɗanladi ne ya kira 'yan sanda da wayar Zakariyya. Barkonon tsohuwa ya cika lungun. Cikin minti ɗaya ba kowa sai takalma da tabarmi da Malam Nura yana tari, da Bashir, wanda bai gudu ba, yana zaune a ƙasa kusa da addar.

Dakta Jideofor ya cire igiyar katin taro daga wuyansa ya ɗaure wa Zakariyya wuyan hannu, ya murɗe da biro har jinin ya tsaya. Idanunsa na zubar da ruwa saboda hayaƙin, ya ce wa Abimbola bai taɓa yi wa mutum ba, amma jijiya duk ɗaya ce. Ya tsince yatsun a leda. A asibiti aka ce ba za su ɗinku ba.

'Yan sanda sun kama Bashir da wasu shida. Sun ƙirga wayoyi talatin da uku. Talatin da biyu masu su suka sa hannu suka karɓa kafin magariba. Ta talatin da ukun ba layi a cikinta, an goge komai, kuma Sadiq a hannu ya saye ta, ba kwali ba rasit. Mahaifiyarsa da abokan shagonsa biyu sun ga ramin sun ce ita ce. Jami'in da ke binciken ya ce an aika lambar jikin wayar ga kamfanin layi don a gwada da layin mamacin, amma ko me aka samu, wayar a kafaɗar Zakariyya aka gan ta, kuma har wani ya zo ya ce shi ya jefa ta, shi ne wanda ake zargi. Littafin shigowa aiki ya nuna ranar Talata ya iso otal takwas saura minti goma. An kashe Sadiq shida da rabi. Jami'in ya ce tsakanin nan da can ko a ƙafa mutum ya isa. Aka sa wa Zakariyya ankwa a ƙafar hagu, aka haɗa da ƙarfen gado.

Ranar Juma'a da safe Abimbola ta koma otal da hannu a filasta. Manaja ya kira ta ofis, ya yi mata sannu, ya ce a cire layin ƙarshe daga takardar kan gado, ya kuma ce baƙi sun ga abin da ya ishe su, kada a dame su da tambayoyi suna shirin tafiya. Ta ce to. Ta fita ta fara daga hawa na ɗaya, tana buga ƙofa da hannun dama.

Mutum ashirin da tara, waya talatin da uku, ke nan huɗu sun jefa bibbiyu. Uku ta gan su da idonta a lungun suna riƙe da biyu. Na huɗun take nema. A get maigadi ya gaya mata ranar Laraba da yamma wani mutum ya tsaya a tsallaken titi da wayoyi a jakar goyo, yana sayarwa da arha, kuma ya ga wasu masu katin taro sun tsallaka wajensa. Bai riƙe fuska ba. Ya ce masu katin nan duk kamarsu ɗaya.

Kowa ya buɗe mata ƙofa, kowa ya tambayi jikin Zakariyya. Shugaban taro ya ce za su sa shi a addu'a. Dakta Jideofor ya je ofishin 'yan sanda ya rubuta abin da ya gani kafin ya wuce filin jirgi, amma a mota ya gaya mata gaskiyar da yake gani. Duk wanda ya sayi wayar nan ya san yanzu ta mamaci ce. In ya buɗe baki, shi zai kwana a Kano a shari'ar kisa, da lasisinsa da iyalinsa a wata jiha. Ya ce bai san ko shi kansa zai iya ba. Ƙarfe biyu na rana otal ɗin ya zama fayau, masu shara suna canza zanen gado, za a karɓi 'yan wani taron ranar Lahadi.

A asibiti ta sami Maimuna zaune a ƙasa kusa da gadon, da filas da kwanon da ba a buɗe ba, tunda an ɗaure wa mijin muƙamuƙi da waya, sai abin da ya bi ta roba. Ba ya iya magana, kuma hannun da yake rubutu da shi ne a naɗe. Suka gaisa. Maimuna ta ce an gaya mata sau uku ana ce masa ya ajiye jakar, da ya ajiye da wataƙila an tsaya an saurare shi, kuma ita ta san mijinta ba mai taurin kai ba ne.

"Me ya hana shi, Anti?"

"Ni na hana shi."

Maimuna ta dube ta, ta dubi filastar. Ta jawo filas ɗin kusa da ƙafarta, ta matsa ta ba ta wuri a tabarma.

Takardar rajistar baƙi tana da lambar kowa. Abimbola ta kwafe su a bayan takardar sunayen, ta zauna a barandar asibiti ranar Asabar da Lahadi tana kira ɗaya bayan ɗaya. Abu guda take gaya wa kowa: ba ta neman a zo Kano, a rubuta layi biyu kawai a sa hannu a turo, a ce ni na jefa ta a jaka, ga inda na saya. Jami'in ya ce ranar Laraba za a kai takardun kotu, ko Zakariyya ya iya tashi ko bai iya ba.

Zuwa safiyar Litinin ta kira duka ashirin da taran. Ashirin da bakwai sun ɗauka, sun ce ba tasu ba ce. Biyu ba su ɗauka ba. Ɗaya tana ta ƙara har ta katse, ɗayar tun ranar Asabar a kashe take.